Hanyar Mai Tafiya a Ƙasa a Kasuwannin Garwa

Gabatarwa

Garwa ita ce babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru. Tana bakin Kogin Binuwai, kuma a nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar na farko, a 1924. Ƙidayar 2005 ta ba ta mutum kusan 236,000, amma tun daga lokacin garin ya bunƙasa ƙwarai. Gari ne na ciniki tun zamanin da jiragen ruwa ke hawowa daga Nijeriya da damina, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki auduga da gyaɗa. Fulatanci ne harshen da aka fi ji a kasuwa, inda ake ce wa kasuwar kanta luumo. Duk da haka Hausawa sun daɗe a garin, har akwai unguwar da ake kira Hausare, kamar yadda akwai Fulɓere da Yelwa.

Wannan takarda za ta duba wani fanni na tsara gari wanda ba a cika yin magana a kansa da Hausa ba, wato yadda ake shirya hanyar da mutum zai bi da ƙafa a wurin saye da sayarwa, da filin da zai tsaya ya huta, da itatuwan da ake dasawa a wurin. An ɗauki Garwa a matsayin misali domin zafinta da ruwan daminarta suna bayyana kuskuren mai tsari nan da nan.

Mai saye da ƙafa yake isowa

Irin katafaren kantin nan da ake gani a manyan birane, wanda shaguna da yawa ke ƙarƙashin rufi ɗaya, ya samo asali ne daga Amurka. Wani masanin gine-gine mai suna Victor Gruen ne ya zana na farko mai rufi da na'urar sanyaya ɗaki, aka buɗe shi a jihar Minesota a 1956. An gina shi ne domin masu mota. Mutum ya tuƙo motarsa, ya ajiye ta a wani makeken fili da ya kewaye ginin, sa'an nan ya shiga ciki ya yi yawo a sanyi. Wannan fasali ya iso Kano a 2014 da aka buɗe Ado Bayero Mall, ya kuma isa Duwala a 2020.

A Garwa mafi yawan masu zuwa cefane ba su da mota. Ko dai su tako, ko su hau babur ɗin haya, wanda a arewacin Kamaru ake kira kilando, a Kano kuwa acaɓa. Wanda ma ya hau babur, a bakin titi za a sauke shi, daga nan sai ƙafa. Saboda haka idan aka kwaikwayo tsarin Amurka aka shimfiɗa filin ajiye motoci tsakanin titi da ƙofar shago, an tilasta wa mafi yawan masu saye ke nan su ratsa kwalta mai zafi kafin su kai ga kaya, domin a kyautata wa 'yan kaɗan. Abin da ya fi dacewa shi ne shaguna su matso bakin hanya, wurin ajiye ababen hawa ya koma gefe ko baya.

Akwai kuma hujjar ciniki. Wanda ke tafiya a ƙasa yana ganin kaya, yana taɓawa, yana tayawa. Ya fito sayen tumatir, ya koma gida da tumatir da silifa da batir. Wanda ke kan babur ba ya ganin komai sai bayan wanda ya ɗauko shi. Wannan ne ya sa a birnin Kwapanhagan na ƙasar Danmak, da aka hana motoci bin babban titin shaguna a 1962, 'yan kasuwar da suka yi ta kukan za su yi hasara suka ga mutane sun ƙaru a ƙofofinsu. Tsofaffin kasuwanninmu sun san wannan tun da daɗewa. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ta kafu a ƙarni na 15 zamanin Muhammadu Rumfa, lunguna ce masu ƙunci waɗanda aka yi su daidai mutum da jaki.

Rana da inuwa

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Garwa yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Wannan kuwa zafin iska ne da ake aunawa a inuwa. Baƙar kwalta da rana ta daka tana fin haka zafi nesa ba kusa ba, tana kuma riƙe zafin har bayan magariba. Duk hanyar da babu inuwa a kanta, komai kyan daɓenta, daga hantsi zuwa la'asar ba wanda zai bi ta da son ransa. Mutane za su tsallaka su bi ɗaya gefen, ko da cikin rairayi ne, in dai akwai bishiya.

Akwai wani abu game da matsayin garin da ya kamata mai tsari ya sani. Garwa tana kimanin digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka da azahar, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Na farkon ya faɗo daidai da lokacin da aka fi zafi. Ma'anar wannan ita ce, bango komai tsawonsa ba ya ba da inuwa da tsakar rana. A ƙasashen Turai, inda rana ke karkata zuwa kudu a kullum, dogon gini yana jefa inuwa a titi ko da tsakar rana. Zanen da aka kwafo daga can yakan dogara da wannan, sai a zo nan a ga bai yi aiki ba. A Garwa inuwar tsakar rana daga sama kaɗai take zuwa, ko rufi ko kan bishiya.

Bango yana da amfani da safe da yamma, amma ya danganta da inda layin ya dosa. Layin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa yana samun inuwar shagunan gabas da safe, da inuwar shagunan yamma bayan azahar, sai 'yan sa'o'in tsakiya ne kawai rana ke faɗa masa. Layin da ya miƙe daga gabas zuwa yamma kuwa rana tana bin tsawonsa tun fitowarta har faɗuwarta. Idan ana yanka sabuwar kasuwa a fili, ya fi kyau manyan layukan da mutane za su daɗe a ciki su fuskanci kudu da arewa, a rufe na gabas da yamma ko a jera musu itatuwa.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne baranda, wato a ja gaban shago baya, a bar rufin ya fito bisa ginshiƙai, barandar wannan ta haɗe da ta maƙwabci har ƙarshen layi. Tsofaffin kantunan zamanin Turawa a garuruwa da dama haka aka gina su. Sharaɗin shi ne ƙasan barandar ya zama bai ɗaya. Idan kowane mai shago ya yi daɓensa yadda ya ga dama, wannan ya ɗaga, wancan ya sauke, wani ya gitta ƙarfe, to an sami rumfuna masu zaman kansu, hanya kuwa ta mutu. Kwano tsirara kuma yana zubo zafi a ka kamar tanda. Sai an ɗaga shi sama sosai, an bar kafa a ƙololuwa inda iska mai zafi za ta fice, ko a yi masa rufin ciki da zana ko asabari.

Wace bishiya?

Baƙon da ya shiga Garwa ko Marwa, abin da zai fara lura da shi shi ne jerin dogon yaro a gefen tituna. Wannan itace, da wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga Indiya yake, zamanin mulkin mallaka aka yaɗa shi a ƙasashenmu. Gwamnatin Ahijo ta ƙara yawansa a shirin dashen itatuwa na shekarun 1970 da aka kira Sahel Vert, wanda aka farfaɗo da shi a 2008. A Marwa akwai titunan da rassan ɓangarorin biyu suka haɗe a sama, kuma a ƙarƙashinsu ne masu gyaran babur da masu shayi da masu sayar da katin waya suke wuni. Dogon yaro yana girma da sauri, yana jure fari, kuma ba ya tsiraita da rani. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin dubawa.

Kuka, duk da girmanta da martabarta, tana zubar da ganye da rani, daidai lokacin da ake neman inuwarta. Gawo akasin haka yake, da rani yake ganye, amma yana da ƙaya kuma ya fi amfani a gona. Maɗaci yana da inuwa mai faɗi da tsawon rai, sai dai yana son sarari, kuma masu neman magani sukan sassaƙe ɓawonsa har ya bushe. Cediya da durumi su ne itatuwan dandali na asali a ƙasar Hausa, inuwarsu mai sanyi ce, amma saiwoyinsu suna ɗaga daɓe suna fasa magudanar ruwa, don haka tsakiyar fili ya dace da su. Tsamiya tana da jinkiri, wanda ya dasa ta jikokinsa yake yi wa. Mangwaro inuwarsa ba ta da na biyu, amma lokacin 'ya'ya yara za su yi ta jifa, a wurin da ake da gilashin shaguna kuwa wannan rigima ce.

Masu sababbin gine-gine sukan so itatuwan ado masu kama da dabino, domin suna kyau a hoto kuma ba sa kare allon suna. Hausawa sun riga sun yanke wa irin wannan hukunci da suka ce inuwar giginya na nesa ka sha. Haka nan ciyawar ado, wadda sai an yi mata ban ruwa wata shida ko bakwai a shekara. A garin da wasu unguwanni ke sayen ruwa a jarka, ba na ganin hujjar shayar da ciyawar da ba a yarda kowa ya zauna a kanta ba.

Dasawa ba ta da wuya, rayarwa ce aiki. Dashe yana bukatar ramin da ba a toshe bakinsa da siminti ba, aƙalla mita ɗaya kowane gefe, domin ruwa ya shiga. Yana bukatar kariya daga awaki, da ban ruwa a rani biyun farko. Inda aka fi samun nasara shi ne inda aka damƙa kowace bishiya a hannun mai shagon da ke fuskantarta, domin shi ne zai sha inuwar.

Damina

Garwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma yakan zo kamar da bakin ƙwarya. Garin yana kwari kusa da kogi. A 2012 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a yankin, lokacin da ruwa ya cika madatsar Lagdo da ke sama da garin. Don haka hanyar ƙafa tana son ta ɗan ɗara titi tsayi, ta kuma ɗan karkata, kamar santimita 2 a kowace mita, domin ruwa ya gangare. Tubalin siminti da ake jerawa bisa yashi, wanda a Nijeriya ake kira intalok, ya fi kwalta dacewa. Ba ya ɗaukar zafi kamarta, ruwa yana ɗan tsiyayewa ta tsakaninsa, kuma idan za a gyara bututu sai a ɗebe tubalan a mayar. Tayil mai santsi da wasu ke mannawa a ƙofar shago don ƙawa tarko ne da damina.

A titunan garuruwanmu da yawa, murfin lambatu shi ne hanyar ƙafa. Idan murfi ɗaya ya karye aka bar ramin, da rana mutum zai tsallake, da dare kuwa ko lokacin da ruwa ya shafe hanya, karaya ce.

Hanyar ta wace ce?

Nan ne ainihin wahalar take. A 2006 Kamaru da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar da ake kira C2D, wadda ke juya bashi zuwa ayyukan raya ƙasa, kuma daga baya aka sa Garwa tare da Bafusam da Bertuwa cikin shirin gyaran manyan biranen yankuna. Sa'an nan gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda aka buga a Janairu da Fabrairun 2022, ta kawo wa garin gyaran filin wasa na Rumde Ajiya da tituna da otal-otal. A wannan filin ne Nijeriya ta buga wasanninta, har Tunisiya ta fitar da ita. Titi da hanyar gefensa ana iya gina su cikin shekara biyu. Abin da ke biyo baya a kusan kowane gari na yankinmu sananne ne. Mai shago ya fito da kayansa ƙofa, mai tebur ya kafa a gabansa, mai kasa albasa ta shimfiɗa buhu a gaban mai tebur, babura su jeru a abin da ya rage. Mai tafiya ya koma tsakiyar titi yana kauce wa motoci. Hukuma ta zo ta kore su, bayan mako biyu su dawo.

Ba taurin kai kaɗai ke jawo haka ba. Mai ƙaramin jari ba ya iya jiran mai saye ya neme shi, dole ya zauna inda ƙafa ke wucewa. Shi ya sa shagunan bene da na can ƙuryar sababbin kasuwanni sukan zauna a rufe ko su zama ma'ajiya, alhali bakin ƙofa ya cushe. Wanda ya je kasuwar Lahadi ta Pitowa, kimanin kilomita 15 daga Garwa a kan hanyar Marwa, zai ga yadda ciniki ke malalowa zuwa bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi. Tun da ciniki ƙafa yake bi, mai tsari yana iya amfani da wannan. Idan aka sa tashar mota a wannan ƙarshen kasuwa, aka sa 'yan nama da 'yan kifi da 'yan hatsi a wancan ƙarshen, dole mutane su ratsa tsakiya, layukan ciki su rayu. Masu manyan kantuna na Amurka ma dabarar da suke yi ke nan, suna sa shagunan da suka fi jan jama'a a ƙarshe biyu na ginin.

Sa'an nan a yanka hanyar tun farko da sanin cewa za a yi ciniki a kanta. A bar wa mai shago kamar mita ɗaya a ƙofarsa. A bar tsakiya fili, aƙalla mita 2, yadda mai ɗauke da kaya a ka da mai tura baro za su gifta juna. A ɓangaren titi, tsakanin bishiya da bishiya, a shata wa masu tebur da masu kasa kaya gurabe da fenti ko da tubali mai wani launi, su biya tikiti a kansu. Mai gurbin da aka san shi da shi yakan zama mai gadin iyakar, domin ba ya son wani ya toshe masa gaba. Babura kuma a ba su tasha a kowace ƙofa, kusa ƙwarai, in ba haka ba za su kafa tasu. Irin wannan shiri ba ya tsayawa sai an zauna da shugabannin 'yan kasuwa da na masu babura kafin a zuba siminti. A Garwa akwai hukumar birni, da ƙananan hukumomi uku a ƙarƙashinta, da kuma fadar Lamiɗo wadda maganarta ke da nauyi a wurin 'yan kasuwa.

Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare haƙƙin naƙasassu ta bukaci a gina wuraren jama'a yadda za su iya shiga. A aikace wannan yana nufin gangara a maimakon matakala, wadda ba ta wuce hawan mita ɗaya cikin tsawon mita 12 ba. Mai keken guragu zai amfana, amma 'yan dako masu baro da amalanke sun fi shi yawan bin ta.

Dandali

A garin Hausa dandali shi ne filin da ake taruwa, yawanci a ƙofar fada ko tsakiyar unguwa. Kasuwa ma tana bukatar irinsa, amma ƙarami. Wani Ba'amurke mai suna William Whyte ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton filayen birnin Niyok don ya gane abin da ya sa wasu ke cika wasu ke zama kango. A littafinsa na 1980 ya nuna cewa mutane suna zama ne inda akwai abin zama, da abinci, da wasu mutanen da za a kalla. Duk wanda ya san dakalin ƙofar gida da teburin mai shayi ba zai yi mamaki ba. Bambancin kawai shi ne mutanen Niyok rana suke nema su sha a yawancin shekara.

Saboda haka dandalin kasuwa a Garwa ba ya son faɗi. Makeken fili mai daɓe da gunki a tsakiya, da rana ba mai iya tsayawa a cikinsa. Ƙananan filaye uku ko huɗu a mahaɗar layuka, kowanne da babbar bishiya da dakali kewaye da ita, sun fi amfani. A kusa a sami famfo, da wurin alwala mai magudana don kada ruwa ya kwanta, da wurin salla, domin in ba a tanada ba sahu zai fito kan hanya. A sami makewayi na mata daban wanda ƙofarsa ba ta kallon majalisar maza. Matan da ke kawo nono da kayan miya daga ƙauyuka sukan wuni a kasuwa, wasu da goyo, amma sau da yawa ba a tuna da su a zane. Da dare kuma, lokacin da gari ya yi sanyi masu tsire da masu gasa kifin Binuwai suka fito, fitilar sola ce ke mayar da filin wurin ciniki na biyu.

Abu na ƙarshe da ke iyakance ƙuncin layi shi ne gobara. Lungu mai ƙunci yana da inuwa da daɗin ciniki, amma motar kashe gobara tana bukatar faɗin mita 3 zuwa 4. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a Maris 2016, kuma a irin waɗannan gobarar cushewar hanya na cikin abin da ke hana agaji isa da wuri. Don haka a kowace kasuwa ana barin gwadabe biyu ko uku da suka ratsa ta daga ƙofa zuwa ƙofa, waɗanda ba a yarda a kafa rumfa ko a gina komai a kansu ba. Masu talla da masu tebur mai taya suna iya tsayawa a gefensu, tun da su cikin minti biyu za su iya janyewa.